Dorothy Porter Wesley: Matar da ta tattara tarihin baƙar fata

A ranar 17 ga watan Disamban 1995 ne Dorothy Porter Wesley ta rasu a jihar Florida ta ƙasar Amurka, tana da shekaru 90 a duniya.

Ma'aikaciyar ɗakin karatu ce, wadda ta shafe shekaru 43 tana aiki a wuri guda, wato Jami'ar Howard da ke birnin Washington. Ba ta riƙe muƙamin siyasa ba, kuma ba a cika jin sunanta ba idan ana lissafa gwarazan da suka yi gwagwarmayar ƙwato 'yancin baƙar fata. Amma masana tarihi da adabi da fasahar zane-zane da dama na ƙarni na 20 sun dogara ne da abin da ta tara kafin su iya rubuta nasu littattafan.

Lokacin da aka danƙa mata aikin a 1930, ginshiƙin abin da ta tarar shi ne littattafai da ƙasidu kimanin dubu 3. Lokacin da ta yi ritaya a 1973, tarin ya haura dubu 180, ciki har da rubuce-rubucen hannu da jaridu da hotuna da takardun kiɗa.

Ta kuma yi aiki a Legas a farkon shekarun 1960, inda ta taimaka wajen tara littattafan farko na ɗakin karatu na ƙasa na Najeriya.

Asali da ƙuruciya

An haifi Dorothy Louise Burnett a ranar 25 ga watan Mayun 1905 a garin Warrenton na jihar Virginia, shekaru 40 bayan ƙarshen yaƙin basasar Amurka da kuma haramta bauta a ƙasar.

Mahaifinta, Hayes Joseph Burnett, likita ne. A garin Montclair na jihar New Jersey ta tashi, a can kuma ta yi makarantar firamare da sakandare.

A wancan zamani dokokin wariyar launin fata sun mamaye kudancin Amurka. Makarantu daban, asibitoci daban, wuraren zama a jirgin ƙasa daban. Ɗakunan karatu na jama'a ma ba su tsira ba, domin a garuruwa da yawa na kudu baƙar fata ba shi da izinin shiga ya ari littafi, duk da cewa yana biyan harajin da ake gudanar da wurin da shi.

A 1923 ta tafi Washington, ta shiga makarantar horar da malamai ta Miner, wadda aka kafa domin baƙar fata. Niyyarta ta farko ita ce koyarwa. Sai dai a ɗakin karatun makarantar ne ta fara ɗanɗana aikin da ta ƙare rayuwarta a kansa.

Daga nan ta wuce Jami'ar Howard, ta kammala digirinta na farko a 1928.

Howard da Columbia

An kafa Jami'ar Howard a 1867, aka sa mata sunan Janar Oliver Otis Howard, wanda ya shugabanci hukumar kula da 'yantattun bayi bayan yaƙin basasa. A 1926 jami'ar ta sami shugabanta baƙar fata na farko, Mordecai Johnson.

A shekarun da Dorothy ta yi karatu, jami'ar ta tara fitattun malamai. Akwai masanin falsafa Alain Locke, akwai kuma William Leo Hansberry, wanda ke koyar da tarihin daulolin Afirka na dā a daidai lokacin da manyan jami'o'in Turai da Amurka ke ɗaukar cewa Afirka ba ta da tarihin da za a koyar. Ɗaya daga cikin ɗaliban da suka ratsa jami'ar a ƙarshen shekarun 1920 shi ne wani matashi daga Najeriya mai suna Nnamdi Azikiwe.

Shugaban ɗakin karatun jami'ar a lokacin, Edward Christopher Williams, yana cikin baƙar fata na farko da suka sami horo a fannin kula da ɗakin karatu a Amurka, kuma a ƙarƙashinsa Dorothy ta fara aiki.

A 1929 ta auri James Amos Porter, mai zane kuma malami a sashen fasaha na jami'ar. Sun haifi 'ya mace guda.

Ta ci gaba da karatu a Jami'ar Columbia da ke New York, inda ta sami digiri a fannin ɗakin karatu a 1931, sannan digiri na biyu a 1932 da tallafin gidauniyar Rosenwald. Ita ce mace baƙar fata ta farko da ta sami wannan digiri na biyu a Columbia. Binciken da ta gabatar ya shafi rubuce-rubucen baƙar fatan Amurka kafin 1835, batun da ta ci gaba da bibiya har tsufanta.

Gadon Moorland

Tun a 1914 wani limamin coci kuma jami'in ƙungiyar matasa Kiristoci, Jesse Moorland, ya bai wa Howard littattafansa kyauta, bayan da malamin jami'ar Kelly Miller ya ja hankalinsa. Tarin ya ƙunshi abubuwa kimanin dubu 3 game da bauta da Afirka da rayuwar baƙar fata. Kafin shi, jami'ar ta riga ta gaji littattafan Lewis Tappan, ɗaya daga cikin masu yaƙi da cinikin bayi.

Shekaru suka shuɗe ba tare da an sami wanda ya keɓe kansa ga wannan dukiya ba. A 1930 aka ɗora wa Dorothy Porter nauyin haɗa ta wuri guda, ta tsara ta yadda mai bincike zai iya amfani da ita.

Aikin farko shi ne bin kantocin ɗakin karatun ɗaya bayan ɗaya, tana zaƙulo duk littafin da baƙar fata ya rubuta ko aka rubuta a kansa. A nan ne ta ci karo da wata matsala da ta fi ƙarancin kuɗi girma.

Lamba 325 da lamba 326

Akasarin ɗakunan karatu na Amurka a lokacin suna bin tsarin da Melvil Dewey ya fitar a 1876, wanda har yanzu ake amfani da shi a makarantu da ɗakunan karatu na jama'a a ƙasashe da yawa.

Tsarin ya kasa ilimi gida goma, kowane da lambarsa. Addini yana rukunin 200, ilimin zamantakewa 300, harsuna 400, kimiyya 500, fasaha da zane-zane da kiɗa 700, adabi 800, tarihi kuma 900. Lambar da aka manna wa littafi ita ce ke nuna kantar da zai zauna, da kuma littattafan da za su zama maƙwabtansa.

Kamar kowane tsari, wannan ma ya ɗauko ra'ayin zamaninsa. Alal misali, a rukunin addini an ware wa Kiristanci mafi yawan lambobin, aka cusa sauran addinai a ƙarshe, inda Musulunci baki ɗayansa ya sami lamba 297.

Game da baƙar fata kuwa, al'adar ma'aikatan ɗakunan karatu da yawa ita ce su jefa littafin a ɗaya daga cikin lambobi biyu: 326, wato bauta, ko 325, wato mulkin mallaka da ƙaura. Ba a duba ko littafin na waƙa ne, ko na likitanci, ko na lissafi. Dorothy ta sha ba da misali da waƙoƙin James Weldon Johnson, fitaccen marubuci, waɗanda a kan ajiye a lamba 325 maimakon a cikin adabi.

Illar wannan a fili take. Ɗalibin da ya je kantar waƙoƙi ba zai ga mawaƙi baƙar fata ko ɗaya ba. Wanda ya je kantar kiɗa ko ta zane-zane ma haka. Sai ya fita da tunanin cewa waɗannan mutane ba su tsinana komai ba, in ban da bautar da aka yi da su.

Dorothy ta ƙi bin wannan al'ada. Ta riƙe lambobin Dewey, amma ta mayar da kowane littafi inda abin da ya ƙunsa ya kai shi: waƙa cikin waƙoƙi, kiɗa cikin kaɗe-kaɗe, addini cikin addini, tattalin arziki cikin tattalin arziki. Ta kuma tsara katunan bincike ta yadda za a iya neman littafi ta sunan marubuci, ko ta fanni, ko ta ƙasa.

Da aka jera su haka, sai kantocin da kansu suka nuna cewa babu fannin ilimin da baƙar fata bai sa hannu a ciki ba.

Dalilin da ya sa abin ya yi nauyi

Muhawara a kan ko baƙar fata na iya rubutu tsohuwa ce a Amurka, kuma da ita aka riƙa kafa hujjar halatta bauta.

Tun a 1740 yankin South Carolina ya yi dokar hana koya wa bayi rubutu, kuma bayan tawayen bayi da Nat Turner ya jagoranta a 1831 jihohin kudu da dama suka tsananta irin waɗannan dokoki.

Lokacin da Phillis Wheatley, wadda aka sato daga Afirka ta Yamma tana yarinya, za ta buga littafin waƙoƙinta a Landan a 1773, sai da wasu manyan mutanen Boston 18 suka sa hannu a kan takardar shaida cewa lalle ita ce ta rubuta su. Duk da haka Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya yi watsi da waƙoƙin nata a rubuce.

Saboda haka duk wata huɗuba ko ƙasida ko waƙa da aka gano wani baƙar fata ya buga a ƙarni na 18 ko na 19, hujja ce a wannan muhawara. Matsalar ita ce yawancinsu 'yan shafuka ne da aka buga kwafi kaɗan a takarda mai arha, babu kuma hukumar da ta damu da adana su.

Matar jakar cefane

A shekarun farko babu wani kuɗin kirki da aka ware mata domin sayen littattafai, ga shi kuma ƙasar na cikin matsin tattalin arzikin shekarun 1930. Sai ta koma roƙo da dabara.

Ta riƙa rubuta wasiƙu ga marubuta da kamfanonin buga littattafai tana neman kwafin kyauta. Ta ƙulla abota da dillalan tsofaffin littattafai a Amurka da Turai da kudancin nahiyar Amurka, har suka san irin abin da take nema. Wani lokaci ta saya da kuɗin aljihunta.

Ta lura cewa ranar da takardu suka fi shiga haɗari ita ce ranar da mai su ya rasu. Magada kan share ɗaki, su tara wasiƙu da hotuna da tsofaffin jaridu a matsayin shara. Don haka da zarar ta ji labarin rasuwar wani malami ko limamin coci ko lauya, sai ta garzaya gidan, ta yi ta'aziyya, sannan ta nemi iznin duba ɗakin shirgi kafin a zubar da komai.

Yawan ganin ta da ake yi tana dawowa ɗauke da jakunkuna cike da takardu ya sa aka laƙaba mata sunan matar jakar cefane.

Ba ta raina komai ba: takardar shirin taro, katin gayyata, tallan wasan kwaikwayo, rahoton shekara na ƙaramar ƙungiyar taimakon juna. Hausawa kan ce da yayyafi kogi kan cika. Irin waɗannan ƙananan takardu ne daga baya suka bai wa masana damar sanin yadda talakawa suka rayu, suka kafa makarantu, suka kuma binne matattunsu.

A 1939 aka buɗe sabon ginin ɗakin karatun jami'ar, wanda ake kira Founders, tarin ya koma can.

Tarin Spingarn

Babban ci gaba ya zo a 1946, lokacin da Howard ta sayi littattafan Arthur Spingarn, wani lauya farar fata wanda ya shugabanci ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP tun daga 1940.

Spingarn ya shafe shekaru da dama yana neman littattafan da baƙar fata suka rubuta a ko'ina a duniya, a kowane harshe. Tarin nasa ya kai kimanin dubu 5, ciki har da ayyukan marubutan Kuba da Haiti da Burazil da Afirka. Ɗaya daga cikin mafi tsufa shi ne littafin waƙoƙin Latin na Juan Latino, baƙar fatan da ya koyar a birnin Granada na ƙasar Sifen, wanda aka buga a 1573.

Kafin a biya kuɗin, hukumar jami'ar ta buƙaci wani ƙwararre daga waje ya yi wa tarin kima. Bisa abin da Dorothy ta ba da labari daga baya, ƙwararren da aka turo daga ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka ya amsa cewa bai san wannan fanni ba, ya roƙe ta ta rubuta rahoton da kanta, shi kuma ya sa hannu. Labarin ya nuna irin giɓin da ke akwai a lokacin, ko a ɗakin karatu mafi girma a ƙasar.

Zane-zane da kiɗa

Zaman aurenta da James Porter ya sa fasaha ta zama ɓangare na aikinta na yau da kullum. A 1943 mijin nata ya wallafa littafinsa mai suna Modern Negro Art, wanda ake ɗauka a matsayin cikakken nazari na farko a kan tarihin masu zane da masu sassaƙa baƙar fata a Amurka. Daga 1953 ya shugabanci sashen fasaha da gidan baje kolin zane-zane na jami'ar.

Rubuta irin wannan littafi na buƙatar takardun da ba a saba ajiyewa ba, kamar kundin baje koli, da sharhin jarida, da tsohon talla da wani mai zane ya buga yana neman masu saye. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da Dorothy ke tarawa, don haka aikin miji da na mata suka tallafi juna.

Ta ba da muhimmanci ga hotuna da zane-zanen da aka buga, haka kuma ga takardun kiɗa na mawaƙa da makaɗa baƙar fata, waɗanda yawancin ɗakunan karatu ba su ɗauke su a bakin komai ba. Bayan rasuwar Alain Locke a 1954, takardunsa da kayan fasahar Afirka da ya tara suka koma hannun jami'ar.

Hidimar jama'a

Ɗakin da take kula da shi bai tsaya ga ɗaliban Howard ba. Malaman makarantu da 'yan jarida da marubuta da ɗalibai daga wasu jami'o'i kan zo ko su aiko da tambaya.

A lokacin babu kwamfuta balle intanet. Wanda yake nesa ba shi da hanyar sanin cewa wani littafi ma yana nan, sai idan wani ya zauna ya jera sunayen littattafan, da marubutansu, da shekarar bugu, da inda za a same su. Dorothy ta mai da haɗa irin waɗannan kundaye babban aikinta.

A 1936 maɗaba'ar gwamnatin Amurka ta buga wani zaɓaɓɓen jerin littattafai da ta tsara game da baƙar fata. A 1945 ta fitar da kundin mawaƙa baƙar fata na arewacin Amurka daga 1760 zuwa 1944. A 1958 ta jagoranci ɗaliban sashen nazarin Afirka suka fitar da kundin littattafan Afirka da ke ɗakin. A 1970 ɗakin karatun majalisar dokoki ya buga wani kundin nata a kan baƙar fata a Amurka.

Ta kuma yi rubutu a mujallar tarihi da Carter Woodson ya kafa a 1916, inda ta farfaɗo da sunayen mutanen da aka manta. Ta rubuta tarihin Sarah Parker Remond, wadda ta zagaya Birtaniya tana jawabi a kan sharrin bauta, daga baya ta karanci likitanci a Italiya. Ta rubuta na David Ruggles, mai kantin littattafai a New York, wanda ya ɓoye Frederick Douglass lokacin da ya gudo daga bauta a 1838. Wani nazarin nata na 1936 ya nuna yadda 'yantattun baƙar fata suka kafa ƙungiyoyin karatu da ƙananan ɗakunan aron littattafai a biranen arewa tun kafin yaƙin basasa.

A Legas

Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Najeriya ta ƙudiri aniyar kafa ɗakin karatu na ƙasa, gidauniyar Ford ta Amurka kuma ta ba da tallafin kuɗi da ƙwararru.

Dorothy Porter na cikin waɗanda aka ɗauko. Tsakanin 1962 da 1964 ta yi aiki a matsayin mai ba da shawara a kan zaɓo littattafai da sayo su, aikin da ta riga ta goge a kansa shekaru fiye da 30. A 1964 aka kafa dokar ɗakin karatun, aka kuma buɗe shi a Legas a ƙarshen shekarar.

A daidai wannan lokaci tsohon ɗalibin Howard, Nnamdi Azikiwe, shi ne gwamna janar, sannan daga 1963 ya zama shugaban ƙasa.

Shi ma James Porter ya yi amfani da damar, ya shafe kusan shekara guda a Afirka ta Yamma tsakanin 1963 da 1964, yana nazarin fasaha da gine-gine, yana kuma zana abin da ya gani. Ita kuwa ta koma Washington da sababbin abokan hulɗa a cikin marubuta da masu sayar da littattafai na Afirka, abin da ya ƙara wa sashen Afirka na Howard ƙarfi.

Lokacin da duniya ta waiwayo

Shekarun 1960 sun sauya Amurka. A watan Maris na 1961 'yan sanda suka kama ɗalibai baƙar fata tara na kwalejin Tougaloo a birnin Jackson na jihar Mississippi, laifinsu kawai shi ne zama su yi karatu a ɗakin karatun da aka keɓe wa farar fata. A 1964 dokar kare haƙƙin jama'a ta haramta irin wannan wariya.

Daga nan ɗalibai suka fara neman a koyar da tarihi da adabin baƙar fata a jami'o'i. A 1968 ɗaliban Howard ɗin kanta suka mamaye ginin hukumar jami'ar, wannan buƙata na cikin abubuwan da suka gabatar. Cikin 'yan shekaru aka buɗe sassan nazarin baƙar fata a jami'o'i da dama.

Sababbin sassan na buƙatar littattafai cikin gaggawa, kamfanoni kuma suka shiga sake buga tsofaffin ayyukan da suka ɓace daga kasuwa. Howard na cikin wurare ƙalilan da ke da asalin kwafin, tare da cibiyar Schomburg da ke unguwar Harlem a New York. Abin da Dorothy ta yi shekaru tana kwasowa daga ɗakunan shirgi ya zama abin da kowa ke nema.

James Porter ya rasu a watan Fabrairun 1970. Shekara guda bayan haka ta fitar da littafinta mafi shahara, Early Negro Writing, wanda ya tattara huɗubobi da jawabai da waƙoƙi da dokokin ƙungiyoyin taimakon juna da baƙar fata suka rubuta tsakanin 1760 da 1837.

Bayan ritaya

Ta ajiye aiki a 1973. A wannan shekara jami'ar ta ɗaga darajar tarin ya zama cibiyar bincike mai zaman kanta da ake kira Moorland-Spingarn, aka kuma sa wa ɗakin karatun cibiyar sunanta.

Ritayar ba ta sa ta huta ba. A 1978 ta wallafa Afro-Braziliana, kundin da ya jera dubban rubuce-rubuce game da baƙar fatan Burazil, ƙasar da ta fi kowace karɓar bayi daga Afirka, wadda kuma ba ta haramta bauta ba sai a 1888.

A 1979 ta auri masanin tarihi Charles Wesley, tsohon malamin Howard wanda ya shugabanci jami'o'in Wilberforce da Central State a jihar Ohio. Ya rasu a 1987.

Tana da shekaru fiye da 80 ta tafi Jami'ar Harvard a matsayin baƙuwar mai bincike a cibiyar Du Bois. A 1994 shugaba Bill Clinton ya miƙa mata lambar yabo ta Charles Frankel, wadda a wancan lokaci gwamnatin Amurka ke bai wa waɗanda suka yi fice wajen kai ilimin tarihi da adabi ga jama'a.

Har zuwa ƙarshen rayuwarta tana aiki a kan takardun William Cooper Nell, ɗan gwagwarmaya kuma marubucin tarihi na birnin Boston. 'Yarta ce ta ƙarasa aikin, aka buga shi a 2002.

Rubutun dala 85

Wani abu da ya faru bayan rasuwarta ya ƙara fito da basirarta fili.

A 1948 wata dillaliyar tsofaffin takardu a New York ta sa wani rubutun hannu a kasuwa. Ƙagaggen labari ne na wata baiwa da ta gudu daga kudu, ɗauke da sunan Hannah Crafts, sunan da babu wanda ya sani. Dorothy ta saye shi da dala 85 domin ajiyar kanta.

Marubuta farar fata da dama a ƙarni na 19 sun rubuta labarai da muryar bayi, don haka ba a iya yanke hukunci daga sunan kawai. Amma Dorothy ta karkata ga cewa baƙar fata ce ta rubuta shi. Hujjarta ita ce yadda marubuciyar ke gabatar da bayi a matsayin mutane tukuna, sai daga baya mai karatu ya gane launinsu, saɓanin marubuta farar fata na zamanin da kan fara da ambaton launin fata.

A 2001 aka yi gwanjon wasu daga cikin kayanta. Farfesa Henry Louis Gates na Harvard ya sayi rubutun a kan kimanin dala dubu 8 da 500, ya sa aka binciki takarda da tawadar, aka tabbatar cewa na shekarun 1850 ne. A 2002 ya buga shi da sunan The Bondwoman's Narrative, ya kuma shiga jerin littattafan da aka fi saye a Amurka.

A 2013 wani malamin jami'a, Gregg Hecimovich, ya gabatar da hujjojin da ke nuna cewa marubuciyar ita ce Hannah Bond, baiwa a gidan wani ɗan siyasa mai suna John Hill Wheeler a jihar North Carolina, wadda ta tsere zuwa arewa. A yau ana lissafa littafin a cikin ƙagaggun labarai mafi daɗewa da wata mace baƙar fata ta rubuta a Amurka. Asalin rubutun yana ajiye a Jami'ar Yale.

Abin da ta bari

Cibiyar Moorland-Spingarn na cikin manyan wuraren adana tarihin baƙar fata a duniya. Bayan takardun Alain Locke, tana riƙe da na mawaƙi kuma ɗan gwagwarmaya Paul Robeson, da wasu na shugaban Ghana na farko, Kwame Nkrumah.

Takardun Dorothy na kanta suna Jami'ar Yale, wani ɓangare na littattafanta kuma yana ɗakin karatu da cibiyar al'adun baƙar fata da aka buɗe a birnin Fort Lauderdale na Florida a 2002. A 2014 Janet Sims-Wood, wadda ita ma ta yi aiki a cibiyar Moorland-Spingarn, ta wallafa tarihin rayuwarta.

A shekarun baya-bayan nan ma'aikatan ɗakunan karatu a ƙasashe da dama na sake duba lambobi da kalmomin da ake rarraba littattafai da su, musamman waɗanda suka shafi Afirka da addinai da al'ummomin da aka yi wa mulkin mallaka. A irin wannan muhawara a kan ambaci Dorothy Porter a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda suka fara gyaran, tun a shekarun 1930.